Binciken da Bai Zo Hausa Ba, Bai Iso Gida Ba

 

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin 'yan boko da marubuta, har ta kusa zama karin magana: wai Hausa harshe ne na soyayya da wa'azi da siyasa, amma da an zo fagen kimiyya sai ta ja gefe ta ba Turanci hanya. Malamin jami'a ya faɗe ta yana murmushi, marubuci kuma ya karɓe ta hannu bibbiyu domin ta sauke masa nauyi. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Muna ganin lalaci ne aka naɗa wa rawani, kuma talakan da bai ji ba bai gani ba shi ke biyan kuɗin naɗin, wani lokaci da aljihunsa, wani lokaci da ransa.

Mu duba abin da ke ƙasa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tun 1962. A cibiyarta ta binciken makamashi da ke Zariya akwai tukunyar nukiliya ta bincike wadda ta fara aiki a 2004, ita kaɗai ce irinta a Nijeriya, kuma da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma da ma'adinai da abinci. A garin na Zariya dai akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya tun 1986. Ga Bayero a Kano, ga Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga Abdou Moumouni a Yamai. Duk shekara ɗalibai da malamai suna kammala dubban kundayen bincike, a yi musu bango mai kauri da rubutun ruwan zinare, a jera su a kanta, sauran aiki ya rage wa ƙura da gara. Kusan duk da Turanci ko Faransanci aka rubuta su. Kuɗin da ake gudanar da waɗannan jami'o'i na jama'a ne, amma a shiga kasuwar Samaru a tambayi mai tumatir abin da ake yi a bayan katangar da yake wucewa kullum, a ji amsar da zai bayar.

Domin kada a ce cika baki muke yi, bari mu ɗauki fannoni uku da jami'o'in duniya ke bincike a kansu, mu gwada su da Hausa a nan take, kowa ya yi alƙalanci.

Mu fara da wanda aka fi tsorata mu da shi, wato kimiyyar kwantam. A shekarar 1900 wani Bajamushe mai suna Max Planck ya kawo ra'ayin cewa makamashi ba ya fita daga abu mai zafi a kwarare kamar ruwan famfo. A ƙulle-ƙulle yake fita, kamar ƙullin sukari a teburin mai tireda: za ka sayi ƙulli ɗaya ko biyu ko goma, amma ba a sayar maka da rabin ƙulli. Wannan ƙullin shi ake kira kwantam. A 1905 Albert Einstein ya ce ai shi ma haske haka yake. A 1913 Niels Bohr ya bayyana cewa ilektiron, wato ɗan mitsitsin abin da ke kewaye da cibiyar ƙwayar zarra, ba ya zama inda ya ga dama. Matakai gare shi kamar na tsani, ko dai yana kan wannan mataki ko yana kan wancan, babu tsayawa a tsakani. Idan ya faɗo daga mataki na sama zuwa na ƙasa sai ya saki ƙullin haske guda, kuma nisan faɗuwar ne ke yanke launin hasken: gajeriyar faɗuwa ta ba da ja, wadda ta fi ta tsawo ta ba da shuɗi.

To, don Allah wace kalma ce ta gagara a nan?

Kuma kada wani ya ɗauka wannan labarin Turawa ne da bai shafe mu ba. Farin ƙwan da ke cikin tocila mai caji, da wanda mai shayi ya rataya a kan teburinsa, da wannan faɗuwa ta ilektiron yake ba da haske. An samu irinsa mai jan haske tun 1962, amma mai shuɗin haske ya gagari masana kusan shekara 30, sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya a Japan, da kuma Shuji Nakamura, suka shawo kansa, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Shuɗin ne ake shafa wa wani sinadari ya koma fari. Farantin sola kuwa akasin haka yake yi: ƙullin hasken rana ne ke ɗaga ilektiron sama, daga nan a samu lantarki. Tiransista da aka ƙirƙira a 1947, wadda akwai biliyoyinta a cikin wayar da ake karanta wannan rubutu da ita, ita ma 'yar gidan ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantam, kuma Gana ce ta gabatar da ƙudurin a zauren. Shekarar ta zo ta wuce. Rubutu nawa muka gani a kanta da Hausa?

Inda masu sani suka yi shiru, 'yan damfara ne ke karɓe lasifika. Da yawa a cikinmu sun ga na'urar nan da ake yawo da ita unguwa-unguwa da sunan gwajin kwantam: a ba mutum ɗan ƙarfe ya riƙe, cikin minti ɗaya kwamfuta ta jero masa ciwon hanta da na ƙoda da na zuciya, sannan a buɗe jaka a sayar masa da magani. Wannan na'ura ba ta da dangantaka da Planck ko Bohr sai ta aron suna. Abin da ya sa take cin kasuwa shi ne kalmar tana da kwarjini, kuma ba a taɓa kwance wa mutane ita da harshensu ba. Shafi biyu na Hausa mai kyau da sun isa su hana wata baiwar Allah sayar da akuyarta.

Sai fanni na biyu, wanda shi ne ya fi ci mana rai, wato kiyaye haɗurran hanya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Sa'o'inmu ke nan da ƙannenmu. Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi kowa ƙarancin motoci.

Abin da masu bincike suka gano a wannan fanni ba shi da wuyar faɗa. Idan direba ya ninka gudunsa, nisan da motar za ta ci kafin birki ya tsayar da ita ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau, tana bukatar kamar mita 20 bayan an taka birki. Wadda ke gudun 120 tana bukatar kamar mita 80. Kafin ma ƙafar direba ta kai kan birkin, a cikin daƙiƙa ɗaya tak, ta riga ta shafe mita 33. A haɗa lissafin, ya zarce tsawon filin ƙwallo. Direban da ya sunkuya ya duba waya na daƙiƙa uku a wannan gudu, ya yi tafiyar mita 100 ke nan ido a rufe da fasinja a bayansa. Hukumar Lafiyar ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ake rasa rai a cikinsa da kashi 4. Wannan shi ne dalilin na'urar ƙayyade gudu da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya a 2017. Direba nawa aka zaunar aka yi wa wannan lissafi da Hausa? Wanda ba a gaya wa dalili ba, dole ya ɗauki na'urar a matsayin wata sabuwar hanyar tatsa, ya nemi mai cire masa ita.

Haka bel ɗin kujera. Injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ne ya fito da irin wanda muke gani yau a 1959, kamfanin kuma ya bar wa kowa ya kwaikwaya kyauta. Ɗaura shi yana rage yiwuwar mutuwar na cikin mota da kusan rabi, amma a tashoshinmu sai an hango jami'ai ake yafa shi a kafaɗa. Haka taya: a gefen kowace akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da aka yi ta da shekarar, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Mai sayen tayar gwanjo da ya san wannan ba zai tsaya kan kyan zanenta kawai ba.

Mu tuna da Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda tankar mai ta kife, jama'a suka taru kwasa, wuta ta tashi ta ci sama da mutum 150. Wata uku bayan nan aka maimaita a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mun san talauci ne ya tura da yawansu, ba mu zo yi wa mamaci gori ba. Amma akwai abu ɗaya da duk ɗalibin kimiyya ya sani wanda ya kamata a ce kowane yaro a ƙauye ya sani: tururin fetur shi ke kamawa da wuta, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya yi nisa ba tare da ido ya gan shi ba, kuma tartsatsi ɗaya daga janareta ko sigari ko gogar ƙarfe ya ishe shi. Wanda ke tsaye can gefe yana kallo, yana jin ya tsira, a cikin tururin yake tsaye. Wannan jimla tana cikin littattafai da Turanci shekaru aru-aru. Aikin wa ne ya kai ta Majiya?

Za a ce ai kwana ne ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya karo da tawakkali. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne yadda marubuci ke mayar da haɗarin mota sandar korar jarumi. Kishiya ta yi yawa a labari, sai a haɗa ta da tirela. Ana son saurayi ya manta budurwarsa, sai mota ta wuntsila da shi. Ba a faɗin gudun da ake yi, ba a faɗin halin taya, ba a faɗin ko direban ya kwana biyu bai runtsa ba. Mai karatu ya rufe littafi da fahimtar cewa haɗari daga sama yake faɗowa kamar aradu. Wannan ma tarbiyya ce, sai dai gurguwa. Ga mai ganin hanya ba ruwan marubuci da ita, ya tuna cewa shugaban farko na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, lokacin da aka kafa ta a 1988, marubuci ne: Wole Soyinka.

Fanni na uku shi ne koyarwa ta na'ura. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. A 2020 korona ta rufe makarantu, jihohi suka koma darasi ta rediyo da talabijin. Yanzu kowane ɗan siyasa da ke son a tafa masa sai ya yi alkawarin raba kwamfutoci ga ɗalibai. To, masu bincike sun riga sun gwada wannan. Shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda ya taso daga jami'ar MIT ta Amurka a 2005, ƙasar Peru ta rungume shi ta raba dubban ɗaruruwa. Binciken da aka fitar a 2012 a kan makarantu 319 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. A nan gida kuma, tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, aka ga sun fi takwarorinsu da aka juya wa harshe zuwa Turanci a tsakiyar hanya.

A haɗa binciken biyu, darasin a fili yake. Kwamfuta akushi ce, abin da aka zuba a ciki shi yaro zai ci. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a 2025 aka soke tsarin. Kowa na iya faɗin ra'ayinsa a kan sokewar, mu ma muna da namu. Amma ko gobe aka dawo da shi, ina littattafan? Ina darasin lantarki da na jikin ɗan'adam da na yanayi da Hausar da yaro zai karanta ya ji daɗi? Injiniya zai haɗa manhaja, amma ba shi zai rubuta abin da ke cikinta ba. Wannan gurbin namu ne, kuma in muka bar shi, fassarar inji ce za ta cike shi da Hausar da ko mu ba ma ganewa.

Yanzu sai uzurorin da aka saba kawowa.

Na farko, wai babu kalmomi. A je Ƙofar Ruwa a Kano a saurari bakanike yana koya wa yaronsa aikin giya da kuloci da birki. A je Farm Centre a ji yadda masu gyaran waya ke bayanin abin da ya ƙone a cikinta. Babu kwamitin da ya zauna ya ba su izini, bukata ce ta sa suka ari kalma suka lanƙwasa ta ta zauna a bakinsu. Haka kakanninmu suka yi da littafi da alƙalami da hisabi daga Larabci. Shi kansa Turancin aro ya yi: aljabara daga Larabci ya ɗauko ta, kalmar kwantam kuwa daga Latin, inda asalinta ke nufin “nawa”. Harshe ba ya tara kalmomi sannan ya fara aiki, a bakin aikin yake samun su. Kuma ba yau aka fara ba. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah a kan halittu da al'amuran duniya. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, ya kai mai karatun Hausa sararin samaniya. Baban Sadiq ya shafe shekaru yana bayanin fasahar sadarwa a jaridar Aminiya. Tun kafin su duka, Muhammad ɗan Muhammad Alkashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan lissafin hatimi wanda masana tarihin lissafi ke ambato har yau. Hanya a share take, masu bi ne suka yi ƙaranci.

Na biyu, wai kowa ya je ya koyi Turanci. A koya mana, mu ma muna so. Amma direban da zai ɗauki fasinja gobe da asuba ba zai jira ya gama makarantar yaƙi da jahilci ba. Kuma wanda ya fi mu sanin kimiyya ya riga ya amsa wannan. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, an haife shi a Tasawa a 1929, masanin fiziks ne da ya jagoranci binciken makamashin rana a Nijar, kuma a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya tsaya kai da fata cewa a koyar da yara da harsunansu.

Na uku, wai ba fagenmu ba ne, kada mu yi kuskure mu ɓatar da mutane. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, domin bayanin kimiyya da aka yi da ka ya fi shiru illa. Da yawanmu difloma ce a hannunmu, wasu sakandare. Amma Abubakar Imam ma ba masanin kimiyya ba ne, malamin makaranta ne kuma ɗan jarida. Maganin tsoron kuskure sananne ne: a je wurin mai binciken, a yi ta tambaya har a gane, a rubuta, a mayar masa ya duba, sannan a karanta wa wanda bai yi boko ba a ga ko ya fahimta. Shi yana da sani, mu muna da harshe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, wai babu kasuwa. Wa ya kasa kayan har ya ga ba a saya ba? Mutanen da ke cika layin waya idan likita ya shiga gidan rediyo, su ne za a ce ba sa son sani? Kuma ba mu ce kowa ya bar labarin soyayya ba. Jarumar na iya zama mai haɗa sola, jarumin ya zama jami'in da ke auna tabon birki a kan kwalta bayan haɗari. Soyayyar ba za ta ragu ba, labarin ne zai ƙara nauyi.

Saboda haka ga abin da muke nema. Jami'o'inmu su wajabta wa duk mai kundin digiri na biyu da na uku ya haɗa da taƙaitawa ta shafi ɗaya da Hausa ko wani harshen yankin, a riƙa sakinta ga jama'a. Sashen harsunan Nijeriya yana nan cikin harabar, ba sai an yi tafiya ba. Ƙungiyoyinmu na marubuta su riƙa gayyato mai bincike ɗaya a zaman karatu, ko da sau ɗaya a wata uku, ya yi bayani mu yi masa tambayoyi. Masu shirya gasa su buɗe rukunin bayanin kimiyya kusa da na gajeren labari da waƙa. Mu kuma da ke wannan zaure, kada mu jira kowa: kowannenmu ya zaɓi abu ɗaya, ko hular kwano, ko batirin waya, ko dalilin da ya sa taya ke fashewa da zafin rana, ya bincika, ya tabbatar a wurin masani, ya rubuta kalma 300 ya kawo nan kafin mako mai zuwa, mu yi wa juna gyara.

Wanda kuma har yanzu yake kan bakansa cewa Hausa ba za ta ɗauka ba, ƙofa a buɗe take. Ya kawo mana jimlar kimiyyar da yake ganin ta gagara a sashen sharhi, mu taru a kanta.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a. Sai mun ji daga gare ku.